Mai Gadin Jif ɗin Darakta

Keken ɗinkina a bakin taga yake, a saman bene, tagar kuma tsakar gidan Darakta take kallo. Ba gulma ce ta sa na ajiye shi a wurin ba, haske nake nema. Amma duk wanda zai wuni a bakin taga yana ɗinki, dole idonsa ya ga abin da bai nema ba. Abin da na ga an yi wa wata tsohuwa a wannan tsakar gida shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro, don idan ban faɗa ba ciwo zai zame mini.

Darakta dai ba darakta ba ne. A ofishinsu akwai mutane jingim a samansa, amma tun ranar da ya fito da jif sunan ya bi shi, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Ni na ga ranar da aka kawo motar da tsohuwar fuskarta, fenti ya koɗe, fitilu manya-manya irin na da. Aka kulle get, bakanikensa ya yi kwanaki yana kwancewa yana ɗaurawa. Aka sa mata sababbin fitilu masu lumshe ido, da sabuwar bamba, da sabon tambari a baya, aka shafe ta da baƙin fenti mai ƙyalli. Ranar da aka buɗe get ta fito, sai ka rantse jiya aka sauke ta daga jirgi. Duk unguwa aka yarda sabuwa ce fil, ban da ni, kuma ni babu wanda ya tambaye ni.

A gidan akwai matarsa da kowa ke kira Madam, da 'ya'yansu, sai Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta raine shi. Ɗakinta yana can kusurwar baya, ƙofa ɗaya mai buɗewa waje, taga ɗaya mai ƙarafa da ke kallon lungu. Tsohuwa ce mai jiki da fara'a, mai son shayi da rediyo, kuma ta iya barci. Da rana ma idan ta kishingiɗa, minsharinta har bene yake iso ni.

Wata safiya ina cikin ɗinkin rigunan makaranta aka kawo sanarwa a rediyo. Kamfanin da ke ƙera irin wannan jif yana kiran tsofaffin ƙirarta a mayar masa. Wai akwai wata 'yar na'ura kusa da inda ake zuba man birki, idan ta tsufa sai man ya riƙa tsattsafowa a kan wayoyi, wuta ta tashi ko da an kashe mota an zare makulli an tafi. Suka ce duk mai irinta ya kai wa dillalinsu a gyara masa kyauta, kafin nan kuma kada a ajiye ta a gareji ko kusa da inda mutum yake kwana, a bar ta a fili nesa da gini.

Da yamma masu zaman ƙofar gida suka tare Darakta da labarin. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya shafa bonet, ya ce tsofaffin ake nufi, su dubi fitilar nan su faɗa masa ko ta yi kama da tsohuwa. Kowa ya duba, kowa ya ce gaskiya ba ta yi ba. Amma da ya shiga gida aka rufe get, bai ajiye ta a ƙarƙashin tagar ɗakinsa ba, inda ta saba kwana. Ya yi gaba ya yi baya, ya murɗa ya sake murɗawa, har sai da hancin motar ya tsaya daidai ƙofar Gwaggo. Ya fito ya gwada ƙofar, ya ga tana buɗuwa rabi, ya gyaɗa kai ya wuce.

Dalili daga bakin Madam na ji shi, ranar da ta hau bene awon riga. Ta ce filin dillalin yana daura da ofishin su Darakta, kuma tun da aka yi sanarwa tsofaffin jif sun yi layi har bakin titi, duk mai wucewa yana kallo. Ba wannan kaɗai ba, duk motar da aka gyara sai an manna mata wata sitika rawaya a gilashin gaba. Ta ce mutum ya gina mutuncinsa, sannan a rana ɗaya a manna masa sitika? Na ce to a bar ta a waje mana kamar yadda aka ce. Ta ce ɓarayi za su kwance fitilun, kuma ai fitilun su ne motar. Na ce ƙofar Gwaggo fa? Ta ce can ya fi iska, sannan ta ce in ɗan rage mata kafaɗa.

Washegarin ranar da ya sauya wa motar wuri, da safe, na ga abin da ban taɓa gani ba, Darakta ya ɗauko kujera ya zauna a gaban Gwaggo. Ya zo da bokitin yashi da wani usur mai jan zare. Ya gaishe ta a tsanake, ya tambayi ƙafarta, har ya sha shayinta.

"Gwaggo, duk gidan nan babu mai hancinki," in ji shi. "Ko shinkafa ta kama a kicin, ke kike fara ji. Ba wai akwai wani abu ba ne, motar lafiyarta lau. Amma idan kin ji wani ƙauri-ƙauri, sai ki busa wannan."

"Har da dare, ɗan nan?"

"Ai ku manya ba wani barci kuke yi ba."

Gwaggo ta rataya usur a wuya, baki har kunne. Da ta hango ni a taga ta ɗaga mini shi kamar an ba ta lambar yabo, ta ce duk mutanen gidan ita ɗanta ya ga ta dace ya ba amanar motarsa. Rabon da ya zauna ya yi hira da ita an daɗe, shi ya sa ta ɗauki abin girmamawa. Ni kam zuciyata ce ta yi baƙi, amma na yi mata murmushi.

Da farko abin da sauƙi, tunda idan ya tafi aiki da motar tana samu ta rama barci. Sai kuma Darakta ya fara barin ta a gida. Ya ce likita ya ce ya riƙa tattaki, alhali a bakin titi yake tsayawa ya tari tasi. Madam ta ce ƙamshin kujerun yana tayar mata da zuciya. Yara aka nema musu motar makaranta. Jif ba ta fita sai idan akwai taron da za a gan shi, kuma ko a nan gilasai a sauke yake tuƙi, bai ɗaura bel ba, hannu ɗaya a kan mabuɗin ƙofa. Motar da ta gagari mai ita zama a ciki, ita ce ta koma kwana da wuni a ƙofar tsohuwa.

Gwaggo kuwa ta riƙe aiki da gaskiya, irin riƙon mutanen da. Ta jawo tabarmarta bakin ƙofa, tana zaune tana shinshina iska. Idan na kunna dutsen guga, sai usur. Idan mai shara ya cinna wa bola wuta a lungu, sai usur. Wata rana mai gasa masara ya sauya wurin zama, ta busa har sai da muryar usur ɗin ta dushe. Duk lokacin da ta busa, Darakta ne na farkon fitowa, sai dai ba wajen motar yake nufa ba, get yake yi a guje, wani lokaci da takalmi ƙafa ɗaya. Sai ya tabbata babu komai sannan ya dawo yana gyara riga, yana cewa dama iska ya fita sha.

Ranar da abin ya ɓaci, ruwa aka yi da hantsi, rana ta fito da ƙarfi, tururi ya riƙa tashi daga bonet. Gwaggo ta ga abu fari yana tashi, ba ta tsaya wata-wata ba ta kinkimi bokitin yashi ta juye a kai, ta bi da tafin hannu tana murzawa. Da Darakta ya ga fentinsa ya zama kamar an ja shi a ƙasa, sai da ya dafa bango. Bai zage ta ba, shi mutum ne mai tarbiyya. Ya dai tsaya ya yi mata bayani a hankali, kamar ana koya wa yaro karatu, cewa fentin nan daga waje aka kawo shi, kuma yawan busa usur ya sa maƙwabta sun fara tambaya. Daga ranar aka kafa doka, kada ta busa, kada ta taɓa yashi, sai ta ga harshen wuta da idonta.

Na yi zaton bakanike zai faɗa masa gaskiya, ashe shi ma da nasa. Ya zo duba fenti, ya ce wannan kiran da kamfani ke yi dabara ce, so suke su kwance kayan asali su sa wa mutane na jabu. Ya ce shi da ya taɓa motar nan da hannunsa, ko ashana aka ƙyasta mata ba za ta kama ba. Amma da zai kwanta ƙarƙashinta sai da ya sa aka buɗe masa get ya zauna a buɗe. Da zai tafi ya ba da shawara a riƙa cire kan batir kullum da yamma. Darakta ya ce a'a, duk wanda aka ga yana buɗe bonet kullum, cewa za a yi motarsa ba ta da lafiya, kuma agogon ciki zai riƙa rikicewa.

Maimakon haka sai aka sayo tukunyar kashe gobara, ja, ƙatuwa, aka girke ta a ƙofar Gwaggo. Na ga tsohuwar ta kama ta da hannu biyu ta ja, tukunyar ko motsi. Daga baya ta mayar da ita wurin shanya ɗankwali. Sannan Madam ta lura Gwaggo tana dafa shayi a kan ɗan rishonta a cikin ɗaki, taku kaɗan daga mota. Aka zauna aka yi shawara, aka ga lallai wannan haɗari ne ga motar, aka ɗauke risho aka kai sito aka kulle. Ni na koma sauko mata da shayi a fulas.

A nan na riƙa ganin yadda take ƙarewa. Idanu suka faɗa, ƙafafu suka kumbura saboda zama. Rediyonta ta kashe, wai kada ta ɗauke mata hankali. Tana cikin magana sai kai ya langaɓe, ta zabura ta ja hanci, ta dubi mota, sannan ta dube ni ta tambaye ni yaushe na zo. Wata rana ta zuba gishiri a shayi ta shanye ba ta ce komai ba. Aka yi haihuwa a dangi, ta ɗauko mayafi, aka ce wa za a bar wa mota, ta mayar ta ninke. Da can sai ta yi gefe-gefe tana nishi kafin ta fita ta rabin ƙofar nan, yanzu kuwa zamewa kawai take yi. Madam ta lura da haka, ta ce ai ka ga an samu ci gaba, dama likita ya daɗe yana cewa Gwaggo ta rage jiki.

Na ce mata ta zo ta riƙa kwana a wurina, akwai katifa. Ta riƙe baki, ta ce in rufa mata asiri, amana aka ba ta. Na ce ko ta san me ya sa aka ɗauke motar daga ƙarƙashin tagarsa aka kawo ƙofarta? Ta ɗan yi wasa da zaren usur, sannan ta ce shi yana da yara ƙanana, kuma da safe aiki yake zuwa, ita kuwa me take yi. A nan na gane ta sani sarai. Ba wauta ke damun ta ba, ƙauna ce, kuma wannan ya fi ba ni haushi.

Na samu Madam. Ta ce ita ba ta shiga tsakanin mutum da gwaggonsa, kada gobe a ce matar ɗa ce ta raba su. Ta ce kuma tsohuwa idan ba ta da abin yi, tunani ne yake kama ta, wannan aikin ma taimakonta aka yi. Na tare Darakta a bakin get da safe, yana jiran ya ga babu kowa ya fita neman tasi. Na gaishe shi, na ce magana ce a kan motar nan.

"Malama Tela, wace mota? Tawa ba ta cikin waɗanda ake magana."

"To me ya sa ake gadinta, yallaɓai?"

"Gadi? Hira Gwaggo take taya ta." Ya ga ban yi dariya ba, sai ya sha mur. "Ki ji nan, komai ƙaddara ne. Idan Allah ya rubuta wuta, ko a tsakiyar kogi aka ajiye ta sai ta kama."

"To a mayar da ita ƙarƙashin tagarka mana, tunda ƙaddara ce."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ya lura tagar nan tawa ta yi girma da yawa, zai yi wa mai gidan da nake haya magana. Daga ranar Madam ta sauya tela.

Ban haƙura ba. Na nemi lambar dillalin na kira, na ba su lambar Darakta, suka ce za su tuntuɓe shi, amma ba su da ikon taɓa mota sai mai ita ya kawo. Sun kuwa kira, ina ji daga sama. Ya ce musu sun yi kuskuren lamba. Da suka sake kira ya ce ya sayar da ita tuntuni, yana faɗa yana goge madubinta da gefen riga. Bayan ya kashe waya ya ɗaga kai ya dubi tagata, ni ma na dube shi, na ci gaba da ɗinkina.

Ranar Asabar ce, da azahar, rana tana dukan ƙasa. Za su je wani taro da yamma, don haka tun safe aka wanke jif aka goge ta, bakanike ya ɗan zaga da ita ya dawo. Shi ya ajiye ta, kuma ya matsa da ita fiye da kullum, don inuwar ɗakin Gwaggo ta kare fenti. Ƙofar da ke buɗuwa rabi ta koma iya shigar hannu. Aka ce wa Gwaggo ta yi haƙuri, nan da la'asar za a fita da motar. Madam ta kwashi yara suka tafi gyaran gashi, Darakta ya tafi shagon aski a bakin layi. Gidan ya yi tsit. Can sai na ji wani sauti da na daɗe ban ji ba, minsharin Gwaggo. Wallahi daɗi na ji, har na rage gudun keke don kada in tashe ta.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Warin roba na fara ji, na duba dutsen gugata na ga a kashe. Da na leƙa, hayaƙi ne baƙi yake fitowa ta gefen bonet, ta ɓangaren direba, siriri, sannan ya yi kauri. Na ƙwala wa Gwaggo kira, shiru. Kafin in sauko daga bene wuta ta fito tana lasar ƙofar ɗakin.

Get a kulle yake, makulli yana aljihun Darakta. Na yi lungu ina ihu, mai walda na kusa da mu ya fito da guduma da mutanensa. Ta tagar baya muka hango ta cikin hayaƙi. Ta farka, amma ba tagar ta nufa ba, hannuwanta ta zura ta tsagar ƙofa tana lalube bokitin yashi, usur a bakinta, ba ta da numfashin busawa. Mai walda ya dinga dukan ƙarafan har suka fita da bulo, aka shiga aka ja ta tana turjewa, aka fito da ita ta taga kamar buhu. Hannuwanta biyu sun saɓule har gwiwar hannu. Ba ta yi kuka ba, tari kawai take yi tana nuna mota.

Sai ga Darakta a guje, rabin kai an aske rabi ba a taɓa ba, ƙyallen mai aski a wuya yana kaɗawa. Ya wuce ta gefenmu, mu da ke durƙushe a kan Gwaggo, ya buɗe get, ya tsaya ya ɗora hannu a ka yana salati. Sababbin fitilu da sabuwar bamba roba ce, su suka fara narkewa suna ɗiga. Kafin 'yan kwana-kwana su gama aikinsu, abin da ya rage a tsaye tsohon ƙarfe ne, kowa yana gani. Wani daga cikin masu zaman ƙofar gida ya karkata kai ya ce ashe irin waɗanda aka yi sanarwa ce.

Na zuba ido in ga abin da zai ce. Na ga ya dubi taron, ya dubi motar. Sannan ya girgiza kai cikin takaici, ya ce ba daga motar ba ne, daga ɗakin wutar ta taso. Ya ce ya sha faɗa wa Gwaggo ta daina kunna risho, amma ka san tsofaffi. Na ce risho yana sito a kulle, makulli yana hannun matarsa. Ya ce maƙwabciyar nan dama tana da matsala da iyalinsa tun da aka daina ba ta ɗinki. Wasu suka yi gyaran murya, wasu suka dubi ƙasa. Mutanen da suka rantse motar sabuwa ce ba su son a ce an yi musu wayo, don haka labarin risho ya fi musu daɗin ji.

A tasi muka kai ta asibiti, ni da mai walda. Aka wanke hannuwan aka naɗe, aka sa mata abin shaƙar iska. Ta yi barci kamar ba za ta tashi ba, har ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ko an ba ta wani magani a gida. Na ce a'a, bashin barci ne kawai a kanta.

Washegari da la'asar Darakta ya zo dubiya, an ƙarasa masa askin, ya sha farar riga. Bai zo shi kaɗai ba, ya taho da abokan aiki da wasu daga cikin dangi, da Madam riƙe da ledar lemo. Suka kewaye gadon. Ana ta yi masa jaje, ana cewa Allah ya mayar da alheri, mota irin wannan ba a samun ta a banza. Ni ina gefe a kan benci, na ƙudura a raina cewa da zarar Gwaggo ta buɗe baki ta faɗi yadda aka yi, zan tashi in ƙarasa mata sauran, ko da za a fitar da ni da ƙarfi.

Ta buɗe ido ta gan shi. Ta yi ƙoƙarin tashi zaune, aka tallafe ta. Muryarta ta dushe, sai da kowa ya yi shiru sannan aka ji ta.

"Ɗan nan, ka yi haƙuri. Barci ne ya sace ni. Ka ba ni amana ban riƙe ba."

Na sha ganin rashin kunya a rayuwata, amma na ɗauka akwai inda take tsayawa. Na ɗauka mutum zai dubi hannuwan da suka yi masa wanka yana yaro, a naɗe kamar ƙullin kaya, ya ji wani abu ya tsinke masa a ciki. Ba mota ce ta ƙone matar nan ba. Mota ƙarfe ce, kuma masu ita sun fito sun faɗa wa duniya aibinta, sun ce a kawo su gyara ba ko sisi. Wanda ya ƙone ta shi ne wanda ya auna mutuncinsa da ran gwaggonsa, ya ga sitika a gilashi ta fi masa nauyi. Da matar da ta ga hakan ta ce babu ruwanta, da bakaniken da ya nema wa fenti inuwa. Irin su suna da yawa, kuma ba ka gane su a titi, domin su ne masu gaisuwa da hannu biyu. A kowane gida akwai wanda aka ga ya fi sauƙin asara, yawanci kuma shi ne wanda ba zai taɓa kai ƙara ba.

Na miƙe zan yi magana, Gwaggo ta juyo ta dube ni, kallon roƙo, ta girgiza mini kai a hankali. Na koma na zauna, ina ji kamar in fashe.

Darakta ya yi ajiyar zuciya. Ya dubi mutanen da ya zo da su ya tabbata suna saurare, sannan ya sunkuya ya dafa ƙarfen gadon.

"Ba komai, Gwaggo," in ji shi. "Na yafe miki."

Ɗakin ya ɗauki yabo. Wani ya ce samun ɗa mai haƙuri irin wannan sai an tona, wata ta share hawaye ta ce da wani ne da tuni ya mayar da tsohuwar ƙauye. Gwaggo kuwa ta ɗaga hannuwan nan biyu da ke naɗe da bandeji, da ƙyar, tana cije leɓe saboda zafi, ta yi masa godiya.